Tambayoyi da Amsoshi Kan Aisin Enkoda da Dikoda na Rimot Mara Waya

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu gyaran rediyo da masu wayarin a ƙauyukan Kano da Jigawa, da ɗaliban fasaha masu haɗa aikin kammala karatu a makarantu irin su kwalejin kimiyya da fasaha ta Kazaure da ta Haɗejiya da jami'ar Wudil, da kuma manoman rani da ke son kunna famfo ko kashe shi ba tare da sun taka har bakin rijiya ba. Mafi yawan bayanin ya ta'allaƙa ne a kan aisi (IC), wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da yawa, waɗanda aka saba nema a shagunan kayan lantarki: enkoda HT12E da dikodarta HT12D, da enkoda PT2262 da dikodarta PT2272, da kuma enkoda EV1527.

Malam, tunda ga ƙaramar na'urar aikawa da ta karɓa, mene ne kuma amfanin enkoda da dikoda?

Na'urar aikawa da ta karɓa, irin su FS1000A da abokiyar tafiyarta XY-MK-5V, ba su san ma'anar abin da suke ɗauka ba. Aikin mai aikawa shi ne ta kunna igiyar rediyo idan an ba ƙafarta wuta, ta kashe idan an ɗauke. Ita kuwa mai karɓa, idan ba ta ji komai ba sai ta yi ta ƙara wa kanta ƙarfin ji har ta fara ɗauko hayaniyar da ke cikin iska, ta fitar da ita a ƙafar bayaninta tamkar saƙo ne na gaske. Wanda ya haɗa ƙaramin ƙwan LED a wannan ƙafa zai ga yana ta ƙyaftawa ba tare da kowa ya taɓa rimot ba, kuma da rile, wato makunnin da wuta ke motsawa ba hannu ba, aka haɗa a wurin, da famfon ya kwana yana kamawa yana mutuwa.

Enkoda ita ce ke ɗaukar abin da aka danna, ta jera shi cikin tsari sananne, ta liƙa masa adireshi a gaba, sannan ta miƙa wa mai aikawa. Dikoda kuma tana zaune a bayan mai karɓa tana tace duk abin da ya shigo, ba ta motsa ƙafafunta sai ta ga tsarin da ta sani ɗauke da adireshin da ya yi daidai da nata. Abin ya yi kama da garkunan shanu da suka haɗu a mashaya ɗaya, inda kowane makiyayi ke kira, amma saniya ba ta ɗaga kai sai ga muryar mai ita.

Yaya saƙon yake tafiya daga HT12E zuwa HT12D?

Kamfanin Holtek na ƙasar Taiwan ne ya ƙera su, kuma lambar 12 da ke cikin sunan tana nufin kowane saƙo yana ɗauke da bit 12, wato gurabe 12 da kowannensu ke zama 0 ko 1. Takwas na farko adireshi ne, huɗun ƙarshe kuma umarni ne. Daga nan ake samun adireshi 256 mabambanta, da maɓallai huɗu masu cin gashin kansu, ko kuma umarni 16 idan an ƙara wata aisi da za ta rarrabe haɗe-haɗen gurabe huɗun.

Da zarar an kai ƙafar TE, wato ƙafar ba da izinin aikawa, zuwa nagatib, HT12E za ta fara da ɗan shiru, ta biyo da gajeren bugu na daidaita lokaci, sannan ta jero gurabe 12 ɗin, inda faɗin kowane bugu ke bambanta 0 da 1. Ko da taɓawar ta ƙiftawar ido ce, sai ta maimaita saƙon sau huɗu, abin da ke ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma za ta ci gaba da maimaitawa muddin TE tana nagatib. HT12D ba ta amincewa da ji ɗaya. Sai ta gwada abin da ya shigo da adireshinta sau uku a jere ba tare da kuskure ba, sannan ta fitar da umarnin a ƙafafunta huɗu, ta kuma ɗaga ƙafar VT don shaida cewa saƙo ingantacce ya iso. Wannan gwaji sau uku shi ne dalilin da ya sa hayaniya ba ta cika yaudarar ta ba.

Wace ƙafa ce ke yin me?

Dukkansu ƙafa 18 gare su, kuma ana fara ƙirga daga hagun ɗan tsagin da ke kan aisin, a gangara, sannan a hau ta ɗaya gefen. A kan HT12E, ƙafa ta 1 zuwa ta 8 adireshi ne, ta 9 nagatib, ta 10 zuwa ta 13 na maɓallai, ta 14 ita ce TE, tsakanin ta 15 da ta 16 ake sa rizista, ta 17 ke fitar da saƙo zuwa mai aikawa, ta 18 kuma fozitib. HT12D ta bi wannan tsari, sai dai ƙafa ta 10 zuwa ta 13 su ne mafitar umarni, ta 14 ce mashigar saƙo daga mai karɓa, ta 17 kuma ita ce VT. Duka biyun suna aiki daga bolt 2.4 zuwa bolt 12, amma tunda yawancin na'urorin karɓa bolt 5 suke so, a kan bolt 5 ake ajiye ɓangaren dikoda gaba ɗaya.

Na haɗa komai yadda zane ya nuna, amma ƙwan da ke kan VT ya ƙi kamawa. Aisin ce ta lalace?

Da wuya ta zama ita ce. A mafi yawan lokuta laifin yana ga rizistan da ke tsakanin ƙafa ta 15 da ta 16, domin shi ne ke tsayar da saurin agogon cikin kowace aisi, kuma dole agogon dikoda ya ninka na enkoda kusan sau 50. A kan bolt 5, rizista mai mega-om 1 yana ba HT12E bugu kusan 3,000 a daƙiƙa, mai kilo-om 51 kuma yana ba HT12D kusan 150,000. Masu haɗawa da yawa suna sa kilo-om 47 saboda ya fi samuwa, kuma yana yi. Abin da ake yawan mantawa shi ne saurin agogon yana canzawa da ƙarfin wuta, don haka wanda ya ɗora enkoda a kan batir mai bolt 12 ya bar dikoda a kan bolt 5 ya karkatar da ma'aunin, kuma wataƙila sai ya ɗan ƙara girman rizistan enkoda kafin su sake jituwa. Takardar bayanin kowace aisi tana da zanen da ke nuna wannan dangantaka, kuma ya fi kyau a duba shi a kan a yi ta canza rizista da ka.

Hanya mafi sauri ta gano inda matsalar take ita ce a cire rediyon daga lissafi. A ɗauki waya guda a haɗa ƙafa ta 17 ta HT12E kai tsaye da ƙafa ta 14 ta HT12D, a haɗa nagatib ɗinsu wuri ɗaya, a ba su bolt 5 tare, sannan a kai TE nagatib. Idan VT ta kama, to aisin biyu da rizistocinsu da adireshinsu lafiya suke, sai a koma kan eriya da na'urorin rediyo. Idan ba ta kama ba, a auna rizistocin da mitar awo maimakon dogara da launinsu, domin ja da ruwan lemo suna rikita ido a hasken fitilar dare, sannan a bi ƙafafun adireshi takwas ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowace ta yi daidai da takwararta. A kan allon gwaji mai ramuka, wanda ya sha ƙura ko ya saki, ƙafa ɗaya da ba ta taɓa ƙarfe da kyau ta isa ta canza adireshin baki ɗaya. A ganina, duk wanda ya tsallake wannan gwaji na waya guda ya nufi Sabon Gari sayen sabuwar aisi, ya ɓata kuɗin mota ne kawai.

Mene ne bambancin waɗannan da PT2262 da PT2272 da ake gani cikin rimot ɗin da aka sayo a haɗe?

Su kuma na kamfanin Princeton Technology ne, shi ma na Taiwan, kuma akwai kwaikwayonsu da yawa masu suna irin SC2262 da SC2272. Babban bambancin yana ga adireshi, domin kowace ƙafa tana iya zama a hali uku: a fozitib, ko a nagatib, ko a bar ta a sake. Da ƙafa takwas na adireshi ana samun 6,561, idan kuma aka mayar da ƙafafun umarni huɗun ma na adireshi, suka zama goma sha biyu, ana samun 531,441. Wanda ya buɗe irin wannan rimot zai ga layuka biyu na tagulla a gefen ƙafafun aisin, ɗaya na fozitib ɗaya na nagatib, inda ake ɗiga dalma don zaɓen adireshi. PT2272 tana jiran saƙo biyu a jere masu inganci kafin ta amsa. Rizistocinsu ma biyu-biyu suke tafiya, kuma waɗanda aka fi gani su ne mega-om 4.7 da kilo-om 820, ko mega-om 3.3 da kilo-om 680, ko mega-om 1.2 da kilo-om 200. Rimot biyu masu adireshi ɗaya amma rizista daban ba lallai su ji juna ba.

A lura da harafin da ke bayan lambar dikodar. Mai M4 tana riƙe mafitarta ne muddin yatsa na kan maɓalli, mai L4 kuwa tana kulle umarnin ƙarshe har sai wani ya zo. Akwai kuma masu T4 a cikin kwaikwayon, waɗanda danna ɗaya ke kunnawa, danna na biyu ya kashe.

EV1527 ta bi wata hanya dabam. Ƙafa takwas kawai gare ta, kuma tun daga masana'anta aka dasa mata adireshi mai bit 20, wato ɗaya cikin 1,048,576, don haka babu abin da za a ɗiga wa dalma. Ba ta da dikoda takamaimai. Akwatin karɓa yana ɗauke da ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta da maɓallin koyo, a danna shi, a danna rimot, sai ya haddace lambar. Yawancin akwatunan rile na zamani haka suke, kuma da dama cikinsu suna iya haddace rimot mai PT2262 ma.

Ana iya haɗa HT12E da PT2272, tunda duk ƙafa 18 ne?

Ba a iyawa. Tsarin bugun da kowane gida ke amfani da shi daban ne, kuma babu rizistan da zai sa su fahimci juna.

Me ya sa idan na danna maɓalli ƙwan ke mutuwa, idan ban danna ba kuma yake kamawa? Sannan me ya sa yake zama a kunne bayan na cire batir ɗin rimot?

Abubuwa biyu ne suka haɗu a nan. Na farko, HT12E tana karanta ƙafar da aka bari a sake a matsayin 1, wadda aka kai nagatib kuma 0. Tunda maɓallin yana kai ƙafar nagatib ne, dannawa na aika 0, sauran ukun da ba a taɓa ba kuma suna tafiya a matsayin 1, sai dikoda ta kashe mafitar wanda aka danna ta kunna sauran. Ana gyara wannan da juya haɗin ƙwan, wato a sa shi tsakanin fozitib da mafitar, ko a sa tiransisto irin PNP, ko aisi mai juya sigina irin 74HC04.

Na biyu, mafitar HT12D tana kulle abin da ta karɓa na ƙarshe, kuma ba ta sakewa sai wani ingantaccen saƙo ya zo ko an ɗauke mata wuta. Ƙafar VT ce kaɗai ke sauka idan saƙo ya yanke. Ga fitilar tsakar gida wannan hali alheri ne, domin a danna sau ɗaya ta kwana a kunne. Ga abin da ke motsi ko ke zubar da ruwa kuwa haɗari ne. Ɗalibin da ya haɗa ƙaramar mota mai rimot zai ga ta ci gaba da gudu idan ta fita daga inda rimot ke kaiwa, manomi kuma zai iya danna maɓallin kashewa daga nesa, ya ɗauka famfon ya tsaya, alhali saƙon bai isa ba. Maganin shi ne a haɗa kowace mafita da VT ta cikin aisi irin 74HC08, yadda umarni ba zai wuce ba sai saƙo na shigowa a wannan lokaci, ko kuma, idan tanki ake cikawa, a sa makunni mai yawo a kan ruwa wanda zai yanke famfon da kansa idan tankin ya cika, ko rimot ya yi magana ko bai yi ba.

Rimot ɗin maƙwabcina yana kunna fitilata. Yaya za a yi?

Kusan ko da yaushe dalilin shi ne ku biyun kun bar ƙafafun adireshi a sake, domin haka yawancin zane-zane ke nunawa kuma haka ake sayar da rimot da yawa. Sai ka zaɓi wasu ƙafafu, misali ta 2 da ta 5 da ta 7, ka kai su nagatib a kan enkoda da dikoda duka, ka rubuta zaɓin a cikin murfin akwatin saboda ranar da za a nemi ƙarin rimot.

Amma a san cewa adireshi ba ya raba hanya, yana raba masu amsawa ne kawai. Idan rimot biyu suka yi magana a lokaci guda a kan zangon rediyo ɗaya, saƙonninsu za su cakuɗe, babu dikodar da za ta ji nata. Shi ya sa ɗaure ƙafar TE a nagatib dindindin, kamar yadda wasu zane-zane ke yi don sauƙi, mummunar ɗabi'a ce: tana cinye batir cikin ɗan lokaci, tana kuma toshe rimot ɗin duk wanda ke kusa, har da na ƙararrawar baburan da aka ajiye a ƙofar gida. Abin da ya dace shi ne a sa dayod 1N4148 daga TE zuwa kowane maɓalli, yadda aikawa ba za ta fara ba sai an danna.

Wane nisa zan sa rai da shi, kuma yaya ake ƙara shi?

Enkoda da dikoda ba su da hannu a nisa, wannan aikin rediyo ne da eriya. Ba tare da eriya ba, na'urori masu araha ba sa wuce 'yan taku. Eriya mafi sauƙi ita ce miƙaƙƙiyar wayar tagulla mai tsawon rubu'in igiyar, wato santimita 17.3 ga megahaz 433, ko santimita 23.8 ga megahaz 315, a sa ta a ɓangarorin biyu, a tsaye, ba a naɗe ba. Ƙara mata tsawo ba ya ƙara nisa, sau da yawa ma ragewa yake yi. Da eriya mai kyau da bolt 12 a kan mai aikawa, ana iya samun gomman mitoci har zuwa wajen mita 100 a fili, idan kuma aka canza mai karɓa zuwa irin mai kiristal, kamar RXB6, nisan yana ƙaruwa sosai kuma hayaniya na raguwa. Idan akwai kuɗin canza abu guda tak a haɗin, mai karɓa ya kamata a canza.

Yanayin wurin ma yana da nasa. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe da akwatin ƙarfe suna tare igiyar, saboda haka idan an ɓoye na'urar cikin akwatin ƙarfe don tsoron ɓarayi, dole eriyar ta leƙo waje. Katangar ƙasa mai kauri tana rage ƙarfi, musamman da damina idan ta sha ruwa. A gonakin rani irin na Kadawa da Kura ko na kwarin Haɗejiya, nisan da aka gwada lokacin da fili yake fayau ba shi za a samu ba idan masara ko rake sun tashi sun fi mutum tsawo, domin ɗanyen ganye yana shanye igiyar. Ɗaga eriyar mai karɓa a kan gora ko sanda, sama da kan amfanin gona, yakan yi abin da ƙarin batir ba zai yi ba.

Yaya zan gane na'urata ta 315 ce ko ta 433, kuma wanne ya dace a nan?

A kan mai aikawa akwai ɗan ƙarfe mai sheƙi, zagayayye ko mai kusurwa huɗu, da aka rubuta wa R433 ko R315. A kan masu karɓa da ke amfani da aisin SYN480R, kiristal mai lamba 6.7458 na megahaz 433.92 ne, mai 4.897 kuma na 315. Dole ɓangarorin biyu su zama zango ɗaya, kuma wannan kuskure yana faruwa sosai idan an sayi mai aikawa a shago ɗaya, mai karɓa a wani. Zangon 315 an fi amfani da shi a Amurka da wasu ƙasashen Asiya. A rabon da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta yi, Afirka da Turai suna yanki ɗaya, inda zangon megahaz 433.05 zuwa 434.79 ya zama wanda ƙananan na'urori irin waɗannan suka saba amfani da shi, don haka 433 ne zaɓin da ya fi dacewa. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ce ke tantance kayan sadarwar da ake sayarwa a Najeriya, kuma wanda ke nufin ƙera rimot don kasuwa, ko ƙara wa mai aikawa ƙarfi fiye da yadda aka ƙera shi, ya kamata ya nemi ƙa'idojinta tukuna.

Zan iya kunna famfon rijiyar burtsatse ko injin ban ruwa da wannan haɗi?

Ana iyawa, amma ba kai tsaye ba, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Ƙafar HT12D ba ta bayar da abin da ya wuce mili-am ɗaya zuwa biyu, alhali ƙaramin rile mai bolt 5 yana jan wajen mili-am 70. Tsakaninsu ana sa tiransisto irin BC547 ko 2N2222 da rizista mai kilo-om 2.2 zuwa 4.7 a ƙafarsa ta tsakiya, ko aisin ULN2003 idan rile huɗu ne. Sannan dole a gicciya dayod 1N4007 a kan naɗin rilen, ƙarshensa mai zobe yana kallon fozitib, domin duk lokacin da aka yanke wa naɗin wuta yana mayar da bugu mai ƙarfi da ke iya kashe tiransiston.

Daga nan amsar ta danganta da irin famfon. Idan sumo ne, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya, mai aiki da wutar bolt 230, ta layi ko ta janareta, rubutun am 10 da ke jikin ƙaramin rile bai kamata ya ruɗi kowa ba, domin injin famfon yana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi, kuma bakin rilen yakan ƙone ko ya manne, famfon ya ƙi mutuwa. Aikin ƙaramin rilen ya tsaya ga kunna naɗin kontakta, wato babban rile mai jure wuta mai yawa, ita kuma kontaktar ta ɗauki nauyin famfon. Wannan ɓangare na mai wayarin ne da ya san aikinsa, ba na mai koyo ba, kuma a ware wayoyin bolt 230 nesa da allon dikoda.

Idan famfon sola ne, kada a yanke wayar da ta taho daga farantin sola da ƙaramin rile. Wutar faranti ba ta juyawa kamar ta layi, saboda haka tartsatsin da ke tashi idan aka raba bakin rile ba ya saurin mutuwa, ga shi rilen an ƙayyade masa kusan bolt 30 ne a irin wannan wuta, alhali farantan da aka jera suna iya haura bolt 100. Yawancin akwatunan sarrafa famfon sola suna da ƙafafu biyu da aka tanada don makunnin cikar tanki, kuma a nan ya kamata a haɗa bakin rilen, sai akwatin ya tsayar da famfon da kansa cikin lumana.

Injin fetur mai igiya kuwa ba ya tashi da rimot, tunda hannu ke ja. Kashe shi dai mai sauƙi ne, domin makunninsa yana haɗa wayar wutar fulogi ta farko da jikin injin ne, kuma rile na iya yin haka idan aka haɗa shi a gefen makunnin, aka riƙe maɓalli har injin ya tsaya cik. Ga mai ban ruwa shi kaɗai, wanda ke ƙarshen fangali yana juya ruwa, wannan kaɗai yana rage asarar mai da ruwa. Sai dai tartsatsin fulogi yana watsa hayaniyar rediyo, don haka a nisanta mai karɓa da injin da 'yan mitoci, a ja waya zuwa rilen.

Yana aiki lafiya a kan tebur, amma da an haɗa kaya sai nisan ya ragu ko ya riƙa rikicewa. Me ke jawo haka?

Wutar da ake ba shi ce. Rile ko injin lantarki da ke shan wuta daga tushe ɗaya da mai karɓa suna jefa hayaniya cikin layin, haka ma cajar waya mai araha da inbata. A sa kapasita mai nanofarad 100 dab da ƙafa ta 18 da ta 9 na dikoda, da wani a bakin mai karɓa, da babba mai maikurofarad 220 ko 470 a mashigar wuta. Idan daga batir ɗin sola ake ɗauka, a bi ta 7805, wanda ke sauke wuta zuwa bolt 5, mai ɗan farantin ƙarfe na sanyaya shi, kuma kada a ɗora aisin kai tsaye a kan batir ɗin da ake kira mai bolt 12, domin yana haura bolt 14 idan rana ta take yana caji, wanda ya zarce abin da HT12E da HT12D ke ɗauka.

Zafin bazara da ƙurar hunturu suna yi musu illa?

An ƙera aisin Holtek su yi aiki har zuwa digiri 75, don haka zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa bai isa ya kashe su ba, amma akwatin da aka rufe aka bari a rana yana iya kusantar wannan iyaka. Wadda ta fi jin jiki ita ce mai karɓa mara kiristal, domin zangonta ya dogara da ɗan naɗin waya mai sukurun a tsakiya, kuma zafi na gusar da shi kaɗan, sai a ga rimot yana kaiwa nesa da asuba amma ya gaza da azahar. Kada a murɗa wannan sukurun da ka, domin mayar da shi daidai ba tare da kayan awo ba yana da wuya. A sa akwatin roba a inuwa, ramukan shan iskarsa suna kallon ƙasa.

Da hunturu kuma iska na bushewa har jiki ya riƙa tara wutar da ke tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, kuma irin wannan wuta tana iya huda cikin aisi ba tare da an ga alama ba. A taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauki aisi, a kuma liƙa soket mai ƙafa 18 a kan allo da dalma, sannan a cusa aisin a ƙarshe.

Ya dace a yi makullin shago ko ƙararrawar babur da su?

Ban ba da shawarar haka ba. HT12E da PT2262 da EV1527 duk lamba ɗaya suke aikawa kullum, kuma akwai rimot masu kwafi da ke haddace irin wannan lamba cikin daƙiƙu kaɗan idan aka danna na asali kusa da su. Yawan adireshin EV1527 yana hana karo da rimot ɗin maƙwabci, amma ba ya hana kwafi. Adireshi 256 na HT12E kuwa ƙaramar na'ura na iya gwada su duka cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Don abin da ke tsare dukiya aka ƙera aisi masu lamba mai sauyawa, irin HCS301 ta kamfanin Microchip mai tsarin KeeLoq, wadda ke aika sabuwar lamba a ɓoye duk dannawa, mai karɓa kuma ya ƙi duk lambar da ya taɓa ji. Ko shi wannan tsari masu bincike sun nuna rauninsa a shekarun 2007 da 2008, amma karya shi yana buƙatar ilimi da kayan aikin da suka fi ƙarfin mai rimot ɗin kwafi nesa ba kusa ba. Fitila da fanka da famfo da ƙararrawar kiran mutanen gida su ne wuraren da masu lamba ɗaya suka dace.

Gonata tana da nisan kilomita biyu ko uku daga gida. Waɗannan aisi za su yi mini?

Ba za su yi ba, kuma ba nisa ne kaɗai dalili ba. Hanyarsu ɗaya ce, daga rimot zuwa mai karɓa, babu abin da ke dawowa ya shaida maka cewa famfon ya tashi ko ya tsaya, kuma a nisan da ido ba ya gani wannan shaida ita ce rabin aikin. Irin wannan buƙata tana son ƙaramar ƙwaƙwalwa kamar Arduino tare da rediyon LoRa, misali mai aisin SX1278, wanda ke iya kai kilomitoci idan eriyoyin suna sama kuma yana aikawa yana karɓa, ko kuma na'ura mai layin waya irin SIM800L da ke karɓar umarni ta saƙon tes ta mayar da amsa, muddin akwai sabis na 2G a gonar. Wanda ya riga ya mallaki rimot mai PT2262 ko EV1527 kuma yana son ya koyi Arduino zai iya farawa da manhajar RCSwitch, wadda ke karanta lambobin waɗannan rimot kai tsaye daga mai karɓa, ta yadda Arduino ɗin zai maye gurbin dikoda, ya kuma ƙara abin da dikoda ba ta iyawa, kamar kashe famfo da kansa bayan minti 30 idan ba a sake danna maɓalli ba.